Lambobin da suke iso mana da asuba: abin da jinin Yaya ya nuna bayan dashen hanta

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wani ɗakin gwajin jini a nan Damagaram, kuma ban san iyakar takardun da na buga wa hatimi na miƙa ta taga ba, masu ɗauke da ASAT da ALAT, gwaje-gwajen raunin hanta, da CRP, gwajin kumburi, ba tare da na taɓa bin takardar da tunani zuwa gidan da za ta kwana ba. Sai da aka yi wa babban yayanmu dashen hanta a birnin Delhi na ƙasar Indiya, takardun suka zama na gidanmu, sannan na gane cewa fitar da lamba daga na'ura sana'a ce guda, karanta ta kuma wata sana'ar ce dabam.

Ciwon hanta nau'in B ne ya ci hantar Yaya a hankali, har ta ƙanƙance ta yi tauri, ciki ya tara ruwa, idanu suka koma rawaya. A gida an daɗe ana kiran abin shawara ana jiƙa sassaƙe, kafin a yarda cewa al'amarin ya wuce nan. Da maganar dashe ta taso, ni na fara miƙa hannu, amma gwajin da na yi wa kaina da hannuna ya nuna cewa ni ma ina ɗauke da ƙwayar cutar, abin da ba baƙo ba ne a gidan da ciwon ya bi ta haihuwa. Ɗan Yaya na fari, saurayi mai shekara 24, shi aka samu da jini mai tsabta, shi ya ba da ɓangaren dama na hantarsa, bayan ya zauna gaban kwamitin da dokar dashen sassan jiki ta Indiya, wadda aka kafa a 1994, ta wajabta wa baƙi su gamsar cewa dangantaka ce ta kawo su, ba ciniki ba.

Tsakanin Delhi da Damagaram akwai tazarar awa huɗu da rabi. Ana ɗibar jinin Yaya da sassafe a can, sakamakon ya fito da hantsi, matarsa ta ɗauki hoton takardar ta turo ta WhatsApp, sai ya iske ni ina fitowa daga masallaci bayan sallar asuba. Inna, da yake Yaya ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma yarda a ga damuwarta a kansa. Takan zauna a bakin murhu tana dama koko, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba: "Mutanen can sun aiko?" In na ce sun aiko, sai ta ce: "Sun hau ko sun sauka?" Ba ta san sunan gwaji ko ɗaya ba, amma daga baya na lura cewa tambayarta ta fi tawa daidai, domin ni lambar ranar nake dubawa, ita kuwa inda lambar ta dosa take tambaya.

Takardar farko ta kusa tsayar mini da numfashi. A Indiya ba sa rubuta ASAT da ALAT kamar yadda muka gada daga Faransawa, SGOT da SGPT suke rubutawa, kuma a gaban SGOT na ga lambar da ta haura 900, alhali a ɗakin gwajinmu duk abin da ya wuce 40 jan biro muke ja masa a ƙasa. Na kira matar Yaya hannuna yana rawa, ta ce likitan ya duba takardar ya ce haka ake sa rai. A ranar na koma kan littattafan da na ajiye tun ina makaranta, na fara neman dalilin da zai sa hantar saurayi lafiyayye, wadda ba ta taɓa ciwo ba, ta fitar da alamun rauni irin haka a kwananta na farko a sabon jiki.

Dalilin shi ne, ba a iya ɗauke hanta daga jiki zuwa jiki sai an yanke mata jini, kuma raunin sau biyu yake zuwa: lokacin da jinin ya yanke, da lokacin da ya dawo. Da an ciro ta ake wanke jijiyoyinta da wani ruwa na musamman mai sanyi, a ajiye ta a wajen digiri 4. Ruwan da ya fi shahara shi ne wanda Folkert Belzer da James Southard suka haɗa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a ƙarshen shekarun 1980, wanda ya tsawaita sa'o'in da hanta za ta iya jira a cikin ƙanƙara. Sanyi yana rage wa ƙwayoyin hanta buƙatar iskar oksijin ƙwarai, amma ba ya tsayar da ita ɗungurungum. Suna ci gaba da cin ɗan guzurin ƙarfin da suka tara, wanda ake kira ATP, kuma idan ya yi ƙasa sai ƴan famfunan da ke jikin bangon kowace ƙwaya, masu fitar da gishiri waje, su raunana, ruwa ya shiga, ƙwayar ta kumbura, tsami ya taru a cikinta. Waɗanda sanyi ya fi yi wa illa su ne siraran ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan magudanan jinin hanta. Daga nan kuma sai a ɗauko hantar daga ƙanƙara a sa ta a cikin majinyaci, ta fara ɗumi yayin da ake ɗinke jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, jini bai riga ya shiga ba, kuma wannan zaman ɗumi ba tare da iska ba ƙwayoyin hantar kansu yake ci.

Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san yadda famfo yake yi idan ruwa ya dawo bayan kwanaki da ɗaukewa: ya yi tari, ya yi atishawa, ya fara zubo jan ruwa mai laka kafin farin ya biyo baya. Kusan haka abin yake a daidai lokacin da likitan tiyata ya saki jijiyoyin. Jinin farko da ya ratsa sabuwar hanta yana kwaso sanyi da tsami da sinadarin potasiyom da suka taru ya kai wa zuciya, shi ya sa masu ba da maganin barci suke tsayawa a shirye, domin bugun jini yana iya faɗuwa farat ɗaya. Tun 1987 aka ba wannan yanayi ma'auni: faɗuwar ƙarfin jini da fiye da kashi 30 cikin ɗari, na tsawon aƙalla minti guda, a cikin minti biyar na farko bayan sakin jini.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa iskar da ƙwayoyin suke ƙishirwa ita ce take ƙona su idan ta dawo. Ƙwayar da ta galabaita ba ta iya sarrafa oksijin yadda ya kamata, sai ya rikiɗe zuwa wasu sinadarai masu cin bangon ƙwaya. Waɗanda suka fashe suna zubar da abin da ke cikinsu, har da wani furotin mai suna HMGB1 wanda mazauninsa can cikin cibiyar ƙwaya ne, kuma ganinsa a waje tamkar kururuwa ce ga garkuwar jiki. A cikin magudanan hanta akwai wasu ƙwayoyin tsaro da ke zaune dindindin, waɗanda aka raɗa wa sunan Karl Wilhelm von Kupffer, Bajamushen da ya fara bayyana su a 1876. Su ne suke jin kururuwar, su saki sinadaran kiran yaƙi irin su TNF-alfa da IL-1 da IL-6 da IL-8, kuma a cikin sa'o'in da ke biyo baya fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi zuwa hanta, su manne a bangon magudanai, su cushe hanya, su ƙara ɓarna a kan wadda ta riga ta auku. Babu ƙwayar cuta ko ɗaya a wurin. Jiki ne ya ji ihu ya fito da makami, ya iske ba ɓarawo, ya sauke fushinsa a kan mai gida. Wannan shi ne kumburin da ake nufi idan ana maganar raunin yankewar jini da dawowarsa, kuma ko hantar mai rai, wadda jiranta a ƙanƙara gajere ne sosai tun da ɗakunan tiyatar biyu suna maƙwabtaka, ba ta kuɓuta daga gare shi gaba ɗaya.

Daga nan na fahimci abin da ASAT da ALAT suke faɗa da abin da ba sa faɗa. Sinadarai ne da suke aiki a cikin ƙwayar hanta, kuma hauhawarsu a jini shaida ce cewa ƙwayoyi sun yoye. Yawanci suna kai ƙololuwa a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, sannan su kama gangara, ASAT ya riga sauka saboda rabinsa yana gushewa daga jini cikin kamar awa 17, ALAT kuwa sai wajen awa 47. Labarin ɓarnar jiya suke bayarwa. Wanda yake so ya san ko hantar tana aiki a yau, sai ya dubi wasu wuraren: ko jini ya fara daskarewa yadda ya kamata, wanda su suke aunawa da INR mu kuma muka fi sabawa da TP, ko sinadarin laktat, tsamin da hanta take kwashewa daga jini, yana sauka, ko bilirubin, sinadarin da ke mayar da ido rawaya, ya fara ja da baya, ko majinyacin ya farka da hankalinsa. A 2010 Kim Olthoff da abokan aikinta suka tsara ma'aunin da ake yawan amfani da shi don cewa sabuwar hanta ta fara da rauni: ASAT ko ALAT sama da 2000 a cikin mako na farko, ko bilirubin ya kai miligiram 10 a desilita a rana ta bakwai, ko INR ya kai 1.6 a wannan rana. Lambar Yaya ba ta kai rabin 2000 ba, kuma a rana ta uku na iya ce wa Inna sun sauka.

Sai batun CRP, gwajin da muka fi kowane sayarwa a taga idan likita yana neman kumburi. An gano shi tun 1930 a Amurka, a jinin masu ciwon huhu, kuma kowa a cikinmu ya haddace cewa yana hawa idan jiki yana yaƙi. Abin da na manta, ko kuma ban taɓa tsayawa a kansa ba, shi ne cewa hanta ce take ƙera shi, bisa umarnin IL-6. Ke nan a jikin wanda aka yi wa dashe, masana'antar da ke buga takardar shaida ita ce kanta ake tuhuma. CRP da ya hau a kwana biyun farko yana iya zama alamar tiyata ce kawai, har ma ya nuna cewa sabuwar hantar ta kama aiki. CRP da ya ƙi motsi bayan irin wannan babbar tiyata kuwa ba lalle ne ya zama albishir ba, domin hantar da ta gaza ba ta da ƙarfin ƙera shi. Ga kuma magungunan danne garkuwa da ake ɗura wa majinyaci, waɗanda suke rage masassara su dushe alamun da muka saba dogara da su.

A rana ta takwas abin ya juya. Yaya ya kwana da ɗan zafin jiki, ALAT da yake gangarowa ya sake ɗagawa, GGT, wanda yakan hau idan bututun maɗaciya ya samu matsala, da bilirubin suka bi shi. Da Inna ta yi tambayarta na ce sun ɗan hau, sai ta ajiye ludayi ta shiga ɗaki, ba ta sake fitowa ba sai da hantsi. A nan ne na ga iyakar alamomin kumburi da idona. Abubuwa uku ne aƙalla suke iya haifar da wannan takarda ɗaya: ko jijiyar da ke kai wa hanta jan jini ta toshe da gudan jini, ko ƙwayoyin cuta sun shiga, ko kuwa garkuwar jikin Yaya ta gane cewa hantar baƙuwa ce ta fara kai mata hari. Maganin na biyu da na uku kishiyoyin juna ne. In cuta ce, ana so a sassauta danne garkuwa a ba da maganin ƙwayoyin cuta. In ƙin karɓa ne, ana so a ƙara danne ta da ƙarfi, abin da zai buɗe wa cuta ƙofa idan an yi kuskure.

Likitocin suka bi abin daki-daki. Suka fara da hoton eko na Doppler, suka ga jini yana gudu a jijiyar, kuma wannan ne ya fi gaggawa, saboda bututun ruwan maɗaciya da wannan jijiya kaɗai suke rayuwa, in ta toshe su ne suke fara lalacewa. Suka ɗibi jini da fitsari don renon ƙwayoyin cuta. Suka auna prokalsitonin, wanda ya fi CRP iya rarrabewa domin yakan hau sosai idan bakteriya ce, ba ya kuma cika hawa saboda ƙin karɓa, ko da yake shi ma yana tashi a kwanakin farko bayan tiyata. Nasa bai hau ba. Duk da haka ba su yanke hukunci ba sai da suka soka allura suka ɗebo ɗan tsokar hantar, siririya kamar zare, aka duba ta a madubin likita bisa ma'aunin Banff, wanda yake ba da maki daga 0 zuwa 9 gwargwadon kumburin da aka gani a kewayen jijiyoyi da ƙananan bututun maɗaciya. Ƙin karɓa ne matsakaici, irin wanda ya fi zuwa a watan farko. Aka yi masa allurar metilprednizolon, maganin danne garkuwa mai ƙarfi, kwana uku, sukarin jininsa ya tashi har sai da aka haɗa da insulin, amma kafin mako ya zagayo lambobin sun koma kan gangara.

Na karanta rubuce-rubuce da yawa a kan auna IL-6 da IL-8 da danginsu a jini don a hango ƙin karɓa tun kafin ya bayyana, kuma ina girmama wannan ƙoƙari. Amma ra'ayina, a matsayin wanda yake tsaye gaban na'ura kullum, shi ne cewa waɗannan sinadarai yaren gama-gari ne na jiki mai ciwo: rauni yana magana da su, cuta tana magana da su, ƙin karɓa ma haka, kuma wanda ya ji ihu daga nesa ba zai iya rantsewa ko gobara ce ko ɓarayi ba. Shi ya sa har yau allurar ɗibar tsoka ce take raba gardama.

Fagen da aka fi samun ci gaba a ganina shi ne na rage raunin tun daga tushe. Tun da Thomas Starzl ya yi dashen hanta na farko a birnin Denver a 1963, ya kuma samu wanda ya ɗore a 1967, ƙarfin masana ya fi tafiya kan magungunan danne garkuwa, daga siklosporin zuwa takrolimus da Amurka ta amince da shi a 1994. Yanzu hankali ya koma kan sa'o'in da hanta take yi a wajen jiki. A 2018 masu bincike na Jami'ar Oxford ta Ingila suka wallafa gwajin da ya nuna cewa hantar da aka jona wa na'ura mai zagaya mata jini mai ɗumi da iska, maimakon a kwantar da ita a ƙanƙara, ƙololuwar ASAT ɗinta ta ragu da kusan rabi. A 2021 wani gwajin da likitocin Holan suka jagoranta ya nuna cewa zagaya ruwa mai sanyi mai ɗauke da oksijin kafin dashe ya rage tsukewar bututun maɗaciya daga kashi 18 zuwa kashi 6 cikin ɗari, a hantocin da aka ɗauko bayan tsayawar zuciya. Waɗannan sun fi shafar ƙasashen da ake ɗaukar hanta daga mamata. Mu da muke tafiya da ɗan'uwa a jirgi ɗaya, gajeren jira shi ne babbar garkuwarmu.

Ɗan Yaya ma yana da tasa takardar, wadda muka riƙa mantawa da ita don hankali ya tafi kan uban. Shi ma CRP ɗinsa ya hau, bilirubin da INR suka ɗan ɗaga na ƴan kwanaki, domin da ragowar da ba ta kai rabi ba yake aikin hanta sukutum. A nan na ci karo da abin da ya sauya mini kallon da nake yi wa kumburi, wato cewa TNF-alfa da IL-6, waɗanda na ɗauka maɓarnata ne zalla, su ne kuma suke fara tayar da ƙwayoyin hanta daga barci su shiga rarrabuwa, har ragowar ta cike mafi yawan gurbinta cikin makonni zuwa watanni. Da za a kashe kumburin ƙurmus, da an kashe umarnin tsiro tare da shi.

Sun dawo gida da hunturu, kuma daga ranar takardun suka koma fitowa daga hannuna. Gwajin farko da na yi wa Yaya a nan ya tayar da ƙura a banza. Ɗan nasa ya karɓi takardar ya ga 11 a gaban bilirubin, ya tuna da lambar 10 da ya ji ana tsoro a can, ya shigo mini ɗakin gwaji a guje yana cewa: "Baffa, a nemi tikiti, abin ya dawo." Sai da na zaunar da shi na nuna masa cewa mu miligiram a lita muke rubutawa, su kuma miligiram a desilita, ke nan 11 ɗinmu 1.1 ne a lissafinsu. Tun daga ranar nake rubuta ma'aunin da jan biro kafin in tura wa likitocin Delhi hoto.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne masassara. A nan da zarar jiki ya yi zafi kowa sai ya ce sauro ne, a aiki yaro wajen masu tallan magani a faranti. Ga mai shan takrolimus wannan ganganci ne babba. Ibuprofen da diklofenak suna haɗuwa da shi su nauyaya wa ƙoda, balle a zafin Afrilu da jiki yake bushewa. Rifampisin na masu tarin fuka yana zubar da ƙarfinsa a jini har hantar ta shiga haɗari, flukonazol da eritromisin kuwa suna ɗaga shi ya zama guba. Kawunmu ya zo da ƙullin sassaƙe daga ƙauye da kyakkyawar niyya, Yaya ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ce: "Allah ya saka da alheri, Kawu, sai dai likitoci sun ɗaure ni da alkawari." Ƙullin yana nan rataye a zaure ba a kwance shi ba. Dokar da muka kafa a gida ita ce, duk zafin jikin da ya kai digiri 38, a ranar za a yi gwajin sauro da ƙidayar ƙwayoyin jini da CRP da ASAT da ALAT tare, kuma ko CRP ya fito ƙasa ba ma sakin jiki da shi.

Ɗakin gwajinmu ba shi da na'urar auna takrolimus, don haka nake ɗibar jinin da safe kafin ya sha ƙwayar, awa 12 bayan ta dare, in sa shi a kula da ƙanƙara in ba mota. Sauran kuwa a wani littafi mai bango baƙi nake rubuta su, kowane gwaji da layinsa, kowace rana da gurbinta, har da maganin tenofobir da yake sha don kada tsohuwar cutar ta kama sabuwar hantar. A watan jiya GGT ya ɗan ɗaga sau biyu a jere alhali ALAT yana zaune, sai likitan ya ce a yi eko a duba bututun maɗaciya, a kuma maimaita gwajin bayan mako biyu. Ranar Litinin mai zuwa ce cikar mako biyun.